Kafin a sauke inji: yadda muka auna kwamfireshan ɗin tsohuwar Honda a Bauchi

Ciwon mashin ɗin kashi uku ne. Da safe sai na yi ta dukan kik har gumi ya karyo mini kafin ya kama. In ya kama ba ya riƙe sulo, da na saki totur sai ya mutu, ko da a tsakiyar shataletalen Wunti ne, masu Keke suna danna mini hon ta baya. Sannan ƙarfi ya tafi, ɗan hawan da a da ba ya ko jin sa, yanzu sai na dawo giya ta biyu. Amma ba ya hayaƙi, kuma baƙin mai ba ya raguwa fiye da yadda na saba gani. Wannan ne ya sa na ƙi sakin jiki da abin da aka fara gaya mini.

Honda CD175 ne, irin wanda kamfanin ya yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1979: silinda biyu, cc 174, giya huɗu, wuta bolt 6. Baffana ya saye shi da kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta ba ma'aikata, a 1975, yana malamin gona, lokacin Bauchi ma tana cikin Jihar Arewa maso Gabas, sai a 1976 ta samu tata jihar. Da ƙafa ta hana Baffa hawa sai ya ba ni makulli, bisa sharaɗin ba sayarwa.

Garejin da na fara zuwa, yaron ko sifana bai ɗauka ba. Ya taka kik da ƙafa, ya ce, "Oga, inji ya gaji. Sai a sauke, a kai boring, a sa fistan da rin." Wani kuma a gaba ya ba ni shawarar a cire injin ɗungurungum a ɗora na Cana. Ban ga laifinsu sosai ba. Aikinsu na kullum Bajaj ne da Jincheng na 'yan acaɓa, kayansu birjik a kasuwa, mai mashin kuma yana tsaye a kansu yana son ya koma neman abinci kafin la'asar. A irin wannan aiki canja bulo da fistan ya fi bincike sauri. CD175 ba haka yake ba. Ko gaskit ɗin kan inji sai an yi cigiya Kano ko Nnewi. Kuma boring, wato faɗaɗa ramin silinda, ba abin da ake yi kullum ba ne: fistan mai ƙarin girma hawa huɗu ne, 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. Duk wanda aka ci ya tafi ke nan.

Baffa ne ya tura ni wajen wani tsohon abokinsa da ke da rumfa ta wajen unguwar Railway, wanda ya yi zamani da waɗannan mashina tun suna cikin leda. Da tsohuwar zuma ake magani. Bayan mun gaisa, ya tambayi jikin Baffa da mutanen gida, sai ya ce in tayar. Ya bar shi ya yi 'yan daƙiƙu yana aiki, ya kai bayan hannunsa kusa da bututun salansa na dama, ya kai na hagu.

"Ɗana, kawo hannunka nan. Kada ka taɓa, kusa kawai."

Na dama har yana dukan fata. Na hagu ɗumi ne kawai.

"Kafireta nawa ne a mashin ɗin nan?"

"Ɗaya ce, Baba."

"Kwantak fa?"

"Shi ma ɗaya."

"To in su ne da laifi, da duka biyun za su kwanta. Mai ciwon na hagu ne. Ko fulogi da wayarsa, ko kuma iska na gudu."

Gaskiyarsa. A CD175 fistan biyun tare suke hawa tare suke sauka, kafireta guda ke ciyar da su, kwil guda mai wayoyi biyu ke ba fulogan wuta a lokaci guda. Ya musanya fulogan da hulunansu, na hagu ya koma dama, ciwon bai bi su ba. Saura iska. Nan ya shiga cikin rumfa ya fito da gejin kwamfireshan, na auna matsin iska, a cikin wani tsohon gwangwanin madara, naɗe da tsumma.

Abin da gejin ke aunawa ba shi da wuyar fahimta. Kowace silinda tana zuƙar cakuɗen iska da fetur cc 87, fistan ya taso ya matse shi a ɗan wurin da bai wuce cc 11 ba, wato kusan kashi ɗaya cikin tara na yadda yake. Wannan matsin ne ke sa wutar fulogi ta zama ƙarfi. Ƙofofin da zai iya zurarewa uku ne: ta gefen rin zuwa cikin inji, ta bakin bawul, ko ta gaskit ɗin kan inji. Ƙafa a kan kik tana iya jin cewa inji ya yi laushi, amma ba za ta gaya maka wace silinda ce ba, balle wace ƙofa.

Baba ya nuna mini abu biyu a jikin gejin nasa da ban taɓa lura da su ba. Ramin fulogin wannan Honda milimita 12 ne, na yawancin tsofaffin motoci kuwa 14, don haka gejin makanikan mota ba ya ɗauruwa sai da mahaɗi. Na biyun ya fi muhimmanci. Akwai ɗan bawul irin na bakin tayar mota da ke riƙe iska cikin gejin, kuma dole ya kasance a can ƙarshen tiyo, daf da ramin fulogi. In yana sama kusa da agogon, cikin tiyon ya zama ƙari ne a kan cc 11 ɗin nan, allura ta faɗi ƙasa da gaskiya. A babban injin mota bambancin kaɗan ne. A ƙaramin inji kuwa ya isa a yanke wa lafiyayye hukuncin sauka.

Ga yadda muka yi. Aka bar injin ya yi zafi, domin ƙarfe ya buɗe ya zauna yadda yake zama a kan hanya. Aka rufe makunnin fetur, aka kashe makulli. Kafin ya kwance fulogan sai da ya hure ƙurar da ta taru a gindinsu, lokacin hunturu ne, kuma duk abin da ke nan cikin silinda zai faɗa. Ya cire duka biyun, ba ɗaya ba, don injin ya juya sakayau. Ya ɗaura gejin da hannu a dama, ya duba cok a buɗe yake, ya ce in murɗe totur har ƙarshe in riƙe. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa. In totur na rufe, injin ba ya samun iskar da zai matse, sai a ga lamba ta zube. Daga nan sai kik, da ƙarfi, a jere, har allura ta daina motsi. Bugu shida zuwa takwas kan isa.

Dama: bugun farko allura ta yi tsalle ta wuce 90, ta tsaya a 145. Ma'aunin psi ne, irin wanda masu faci ke duba taya da shi. Hagu: ta tashi da ƙyar, tana hawa kaɗan-kaɗan, ta cije a 95.

Na ce, "Baba, shi 145 ɗin ma ai kamar ya yi ƙasa."

Ya ce lafiyayyen inji irin wannan tsakanin 140 da 170 ake samunsa, kuma shi bai taɓa damuwa da 145 a Bauchi ba. Akwai dalili. Garin nan yana bisa teku da mita 600 da ɗoriya, nauyin iska a nan ya gaza na Legas da kusan kashi 7 cikin 100. Injin da zai nuna 155 a bakin teku, 145 ko ƙasa kaɗan zai nuna a nan, in aka hau da shi Jos kuma, inda tudun ya kai mita 1,200, ya ƙara sauka. Ga shi kuma geji da geji ba sa faɗin magana ɗaya. Shi ya sa a inji mai silinda biyu abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu, ba a so ta wuce kashi 10 cikin 100. Tamu ta haura kashi 30.

Saura a gane ƙofar. Ya ɗauko sirinji, ya zuƙi baƙin mai cc 2, ya tsiyaya ta ramin fulogin hagu, ya ce in juya injin a hankali mai ya bazu. Mai yana toshe gefen rin na ɗan lokaci. In rin ne ya cinye ko bangon silinda, allura za ta yi tsalle, 20, 30 ko fiye. In bawul ne ko gaskit, mai ba ya kai wa can, lamba ba za ta gusa sosai ba. Na taɓa jin ana cewa a zuba cokalin shayi. Baba ya ce wannan na mota ne. Cokalin shayi cc 5 ne, kusan rabin wurin da ake matse iskar, shi kaɗai zai ɗaga allura ko da rin ɗin sabo ne dal, ka je ka sayi abin da ba ka buƙata.

Hagu da mai: 100. Ya zuba daidai wannan a dama don a kwatanta: 152. Duka sun ɗan ɗaga, babu wanda ya yi tsalle. Rin ba shi da laifi, abin da rashin hayaƙi ke faɗa tun farko ke nan.

Bai tsaya nan ba. Yana da gindin tsohon fulogi da aka fasa farin, aka yi masa walda da bakin tayar mota. Ya kawo fistan ɗin hagu sama a bugun matsi, ya sa mashin a giya, yaronsa ya taka birki, aka jawo tiyon mai facin da ke maƙwabtaka da shi aka ba da iska kaɗan. Sai saurare. Bakin kafireta shiru. Ramin zuba baƙin mai ɗan huci kaɗan, wanda kowane inji ke yi. Na kai kunne bakin salansar hagu, sai ga iska na fita fuuu. Gani ya kori ji, amma a ranar ji ne ya kammala shari'ar: bawul ɗin fitar hayaƙi na hagu ba ya rufuwa.

"Ko ya ƙone, ko an ɗaure shi," in ji Baba. "In ɗaurewa ce, Allah ya rufa maka asiri. Ka bar shi ya kwana a nan, ba a saita tafet da zafi."

Da safe injin ya yi sanyi ƙalau. Ya kwance murafen tafet huɗu, inda ake saita tazarar bawul, da murfin rota na gefen hagu. A jikin rotar akwai alamu biyu, T da F. T na nufin fistan ya kai ƙololuwa, F kuma inda wuta ke tashi, kaɗan kafin T. Da yake fistan biyun tare suke zuwa sama, duk sanda T ta zo kan alama ɗaya silindar tana bugun matsi, ɗayar tana ƙarasa fitar da hayaƙi. Yadda aka saba ganewa shi ne a girgiza rokoki, ƙarafan da ke danna bawul, silindar da nata biyun ke motsi ita ce a kan matsi. To amma in bawul a ɗaure yake ba zai yi motsi ba, sai ya ruɗa ka. Baba sai ya bi ta wata hanya: ya zuba ido a kan bawul ɗin shigar mai na hagu, ya juya rota har ya nutse ya taso, sannan ya kawo T.

Tazarar da ake so milimita 0.05 ce a duka bawul huɗun, kaurin gashin kai ke nan ko ƙasa da haka. Ya zura filageji a na shigar mai, ya shige da ɗan ja. A na hayaƙi ko bakinsa bai shiga ba. Rokar ta danne kan bawul ɗin, ba ta ko numfashi.

Abu biyu ke kawo haka. Shekara da shekaru bawul na dukan mazauninsa, a hankali yana nutsewa ciki, tazarar tana cinyewa. Sai kuma halinmu na masu mashin: mutum ya ji ƙas-ƙas a kan inji ya ce wa bakanike a kashe masa ƙarar nan, shi kuma ya ɗaure har ta yi shiru, kowa ya rabu da murna. Alhali bawul ɗin hayaƙi ba shi da inda yake sauke zafinsa kamar wannan ɗan lokacin da yake zaune daram a mazauninsa. In ya kasa zama, wuta na bi ta gefensa, tun tana lasa har ta ci baki. A ganina wannan ɗaurin neman shiru ya kashe injuna a garin nan fiye da tsufa. Baba ya ce shi tafet mai 'yar magana ya fi kwantar masa da hankali a kan wanda ya yi gum.

Kafin ya saita, ya fara sassauta kusar tenshina ta taimin cen, sifirin ya ja abin da ya saki, ya ɗaure. Sannan ya bi bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya: sassauta noti, murɗa sukuru har filageji ya riƙa shiga da ɗan ja, riƙe sukurun, ɗaure noti, sake aunawa, don ɗaure notin kan janye saitin. Ya juya rota zagaye guda cif, T ta dawo, ya yi na dama.

Aka tayar, ya kama a bugu na biyu. Da ya yi zafi aka mayar da geji. Dama 146, hagu 132. Bawul ɗin bai kai ga ƙonewa ba. Ragowar gibin, in ji Baba, dauɗar gawayi ce da ta taru a bakin mazaunin lokacin da ba ya rufuwa, tafiya za ta share ta.

Tunda injin da zafi, aka zubar da baƙin mai. Wannan Honda ba ta da filtar takarda. Wani ɗan kofi ne a ƙarshen kuranshaf ta dama, yana juyawa tare da shi, yana jefa dauɗa jikin bangonsa. Da aka buɗe, abin da ke ciki ya daskare sai da aka kankare da sukundireba aka wanke da fetur. Yaran yanzu da yawa ba su san da shi ba. Sukurorin murfin kuma kansu ba irin na sukundireban kasuwa ba ne, na Japan ne, shi ya sa duk tsohuwar Honda da ka gani kan sukurorinta a cinye suke. Baba da direban bugu yake kwance su. Aka zuba lita ɗaya da rabi na 20W-50 na mashin, saboda zafin Maris da Afrilu da ke kai maki 40, kuma saboda kulocin a cikin man yake wanka, wasu mayukan mota na zamani kan sa shi santsi.

Sai wuta. Fuskar kwantak, wanda buɗewarsa ke sa fulogi ya ba da wuta, ta yi ɗan rami a gefe guda da tsini a ɗayan, ya goge da ƙaramar zarto, ya share da takarda mai tsabta don ko maiƙon yatsa na hana wuta. Tazara tsakanin milimita 0.3 da 0.4 a inda ya fi buɗewa. Ita ake fara saitawa, domin duk taɓa ta sai lokacin wuta ya gusa. Ya haɗa ƙwan fitila da wayoyi biyu, ɗaya a kwantak ɗaya a jikin inji, ya kunna makulli, ya juya rota sannu a hankali. Ana so ƙwan ya kama daidai lokacin da F ta zo kan alama. Namu sai da F ta wuce ya kama, wuta na makara ke nan. Ya sassauta farantin, ya gusa shi kaɗan, ya maimaita har suka zo tare. Ya ɗiga mai a ɗan audugar da ke shafar kam, ya duba sifirin ɗin adbansa da ke baya suna dawowa. Fulogai sabbi, NGK D8HS, tazara 0.6 zuwa 0.7. Ya juya su a hannu ya duba rubutun da zaren kafin ya yarda, jabu sun yi yawa.

Kafireta ce ta ƙarshe, kuma da gangan. Ita ce abin da kowa ke fara kai wa sukundireba in mashin ya ƙi sulo, ita ce kuma ba ta saituwa sai matsi da wuta sun daidaita. Tamu an riga an murɗe ta an ƙara mata mai don a rufe raunin silindar hagu. A ƙasan kofinta akwai jan gari na tsatsar tanki da 'yan ɗigon ruwa, ladan man galan na bakin titi. Ya wanke jet da fetur ya hure da iska, ya hana yaronsa zura waya, waya na faɗaɗa ramin. Ya girgiza fulot a kunne ya ji ko fetur ya shige shi. Sukurun iska ya mayar da shi ciki har ya taɓa a hankali, ya dawo da shi zagaye ɗaya da ɗan ƙari, ya tayar, ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har inda injin ya fi sakin murya, sannan ya sauke sulo zuwa wajen 1,200 a minti. Da kunne ya yi, mashin ɗin ba shi da agogon juyi.

A kan iyakilina, matatar iska, ne kawai ya yi mini faɗa, ko da yake da Baffa yake. Ta toshe da ƙura har ta yi nauyi. Ya ce wasu in ta toshe sai su cire su yar, mashin ya buɗe, su ji daɗi, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta yi ta cin rin da bangon silinda, damina ba ta zuwa sai ana neman boring. Ya yanka soso ya shafa masa mai ya sa na wucin gadi, kafin a samo ta ainihi.

Na fita gwaji ta Gidan Mai na ɗauki hanyar Jos har gaban Buzaye. A giya ta huɗu yake cinye hawan da ke gabansa, da na tsaya kuma ya zauna a sulo ba tare da na riƙe totur ba. Da na dawo aka cire fulogan, duka biyun ruwan ƙasa-ƙasa, babu baƙi babu fari. Bayan 'yan makonni na koma aka sake ɗaura gejin nan dai, da zafi, totur a buɗe: dama 146, hagu 139. Baba ya sa na rubuta lambobin da kwanan wata a takarda na ajiye cikin akwatin kayan aiki na gefen mashin. Ya ce in riƙa kawo shi ana duba tafet duk bayan canjin mai biyu, kuma ranar da lambobin suka gangaro wajen 110, ko mai ya sa allura tsalle, ranar za a yi maganar fistan 0.25.

Abin da ya rage caji ne. Fitila na dusashewa a sulo, kuma wannan mashin da batir yake ba da wuta, in ya yi sanyi ba kik ɗin da zai tashe shi. Batir mai bolt 6 ya yi wuya a kasuwa yanzu da komai ya koma 12. Baba yana zargin tsohuwar rektifaya, amma ya ce ba zai taɓa ta ba sai yaronsa ya karɓo mitar da aka ara.